Ni Aka Aika Kemis

Duk wanda na faɗa wa cewa kemistiri na karanta, tambayar da ke biyo baya ba ta canzawa: "To, a ina kemis ɗin naka yake?" Da can nakan tsaya in yi dogon bayani, yanzu murmushi kawai nake yi. Ba ni da shagon magani, kuma tun 2008 rabona da in riƙe kwalbar gwaji da sunan aiki. Abin da nake ci da shi a Abuja shi ne bin diddigin sunayen sinadarai, da lambobinsu, da abin da masana suka riga suka rubuta a kansu. Amma ba na jin haushin masu tambayar, domin labarina daga kemis ɗin ya faro.

A Gangare aka haife ni, cikin garin Jos, a 1979. Haƙar kuza ce ta kawo kakana daga ƙasar Kano, mahaifina kuwa yadi yake sayarwa a kasuwar Taminus. Ni ne ɗan fari, kuma Innarmu irin matan nan ne masu tsananin alkunya. Ba ta kiran sunana, ba ta zama hira da ni, in za ta aike ni sai dai in ji "kai, zo nan."

Daminar 1990 ina da shekara 11. Wanda ya san Jos a watan Agusta ya san irin ruwan nan da ke kwana yana zuba ya wuni yana yayyafi, ga sanyi kamar hunturu. Ƙanwata, autarmu a lokacin, ba ta cika shekara biyu ba, ta tashi da zazzaɓi. Da la'asar Inna ta kwance bakin zaninta ta ba ni kuɗi, ta ce in je in sayo farasitamol na ruwa, na yara.

Kemis biyu ne a wajenmu. Ɗaya yana bakin layi, ɗayan sai ka ƙetare titi ka ɗan gangara. Na wuce na kusa na tafi na nesa, saboda mai shagon can yakan ba wa yara minti in sun yi sayayya. Shi ke nan dalilina, minti guda. Ya miƙo mini 'yar kwalba mai ruwan ƙasa-ƙasa, na cusa ta cikin riga don kada ruwa ya jiƙa takardar jikinta, na dawo a guje. Da Inna ta gama ba ta, na lakaci abin da ya zubo a wuyan kwalbar na lasa. Zaƙi ne da shi kamar zuma.

Zazzaɓin ya sauka, har aka fara cewa alhamdulillahi. Sai amai, sai gudawa. Abin da ya tayar wa Inna hankali shi ne tsumman da ake ɗaura wa yarinyar ya kwana a bushe, ya kuma wuni a bushe. Fitsari ya tsaya cak. Fuskarta ta kumbura, idanun suka shige. Aka kai ta asibiti, mu yara aka bar mu a gida wajen kakarmu. A dare na biyu Baba ya dawo jiƙe sharkaf, ya ce likita ya ce a kawo duk wani magani da aka ba ta. Ni ɗin dai aka sa na hau kujera na ɗauko kwalbar daga saman kabad. Ba ta sake dawowa gidan ba, kwalbar nake nufi, kuma ita ma mai ita ba ta dawo da ranta ba.

Masu gaisuwa suka yi ta cewa kwananta ne ya ƙare. Na yarda da haka a lokacin, na yarda da shi yanzu. Amma da labari ya bazu a gari cewa maganin zazzaɓin yara ne ke kashe su, sai wani lissafi ya shiga kaina, irin lissafin yaro wanda ba ya neman shawarar kowa: da na tsaya a kemis ɗin bakin layi, da tana nan. Ban faɗa wa kowa ba. Wa ma zan faɗa wa? Baba ba mai yawan magana ba ne, Inna kuwa ko ido ba ma haɗawa. Tun daga ranar ban sake shan minti ba, har yau ɗin nan ƙamshinsa na tayar mini da zuciya.

Ba zan yi ƙarya in ce wannan ne ya sa na zaɓi kemistiri ba. Likita na so zama, makina bai kai ba, aka tura ni sashen kemistiri kamar yadda ake tura ɗalibai da yawa. Na shiga da ɓacin rai, sai kuma abin ya kama ni. Ina son lokacin nan da ruwa a kwalba zai juye daga fari zuwa ja-ja saboda ɗigo guda. Karatun dai ya ja, ga yajin aikin malamai, ga rikicin 7 ga Satumban 2001, ga gobarar kasuwar Taminus a Fabrairun 2002 wadda ta lashe shagon Baba ƙurmus. Daga nan da kuɗin koyar da yara darasin yamma na ƙarasa.

A shekarata ta uku wani malaminmu yana koyar da dangin sinadaran da ake kira gilaikol, sai ya rubuta biyu a allo, ɗaya gefen ɗaya. Na farko furofilin gilaikol, wanda ake narka magani a cikinsa, domin farasitamol ba ya narkewa sosai a ruwa zalla. Na biyu dayetilin gilaikol, wanda ake taƙaitawa DEG, na masana'antu ne, ana samunsa a irin su man birki. Dukansu ruwa ne mai ɗan kauri, garai-garai, ba wari, ga zaƙi. In ka ƙirga ƙwayoyin zarrar da ke jikinsu, na biyun ya ɗara na farkon da kabon 1, haidirojin 2, oksijin 1. Amma in na biyun ya shiga jiki, hanta kan juya shi ya zama wasu sinadarai masu tsami da ke lalata ƙoda. Malamin ya juyo yana kaɗe alli daga hannunsa, ya ce: "Wannan shi ya kashe yara a garin nan a 1990." Ya ci gaba da darasi. Ni kuwa ban sake jin komai ba har aka tashi.

Sati biyu na yi ina neman takarda a kan maganar. A lokacin ne na fara taɓa kundayen Chemical Abstracts, wasu dirka-dirkan littattafai masu rubutu ƙanana kamar ƙwan kifi, waɗanda ƙungiyar masana kemistiri ta Amurka ta fara bugawa tun 1907 don taƙaita duk wani bincike da ya fito a fannin. Ban iya amfani da su ba, na yi ta lalube kamar makaho a kasuwa. Daga baya wani ɗalibin likitanci ya samo mini rahoton da likitocin Jos suka buga a 1992. Yara 47 suka rasu a asibiti guda tsakanin Yuni da Satumban 1990. A faɗin ƙasar kuwa adadin ya kai 109. Alamomin da aka lissafa kamar a ɗakinmu aka zauna aka rubuta su: zazzaɓi, amai, gudawa, tsayuwar fitsari. An sa DEG a gurbin furofilin gilaikol.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba wannan ba ne. Shi ne da na gano cewa tun 1937 irin haka ta faru a Amurka, inda wani maganin ruwa da aka haɗa da DEG ya kashe mutum fiye da 100, har ya sa suka yi sabuwar dokar magunguna a 1938. Wato shekara 53 kafin a aike ni kemis, an san abin, an rubuta, an buga, an jera a kanta. Ilimin yana nan, bai dai iso layinmu ba. NAFDAC ma, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, sai a 1993 aka kafa ta. Na ninke takardar na sa a akwati, ban nuna wa kowa a gida ba.

Bayan bautar ƙasa na samu aiki a 2006 a wani kamfanin katifa, a ɗakin duba ingancin kaya. Murna wajen Baba ba a magana, domin tun gobarar kasuwa bai miƙe ba. Sosan katifa da sinadarai biyu ake yin sa. Ana haɗa wani ruwa mai kauri da wani da ake kira TDI, a sa ruwa kaɗan, sai iska ta tashi a ciki, abin ya kumbura kamar ƙullin waina ya daskare. Ina son kallon wannan tashin. Nakan tsaya dab da layin ina ɗibar samfuri, da ɗan takunkumin takarda a hanci, irin wanda ake sawa don ƙura.

Cikin shekara ta biyu na fara tari da daddare. Sai numfashi ya riƙa yi mini fito, ƙirjina ya ɗaure kamar an ɗora mini dutsen niƙa. Na sha maganin mura, na sha na gargajiya, aka ce sanyi ne, aka ce iska ce. In na tafi hutun salla sai in warware, in na koma aiki kwana biyu abin ya dawo. Wata likita ce ta tsare ni da tambaya: me kake taɓawa a wajen aiki? Da na ambaci TDI sai ta ajiye biro. Ta ce fuka ce, asma, irin wadda aiki ke jawowa, kuma da zarar jiki ya tsani wannan sinadari, ko ɗan ƙanƙanin tururinsa ya isa ya shaƙe mutum. Ta ce: "Malam, ko ka bar wurin nan da ƙafarka, ko a fito da kai."

Na koma ofis na buɗe durowar da ke ƙarƙashin teburina. A cikinta akwai takardar bayanin haɗari da ke zuwa tare da kowane duro, mai sashe 16. Na sha ganinta, har shayi na taɓa ɗorawa a kanta. Ran nan na karanta ta daga farko har ƙarshe. A rubuce yake ɓaro-ɓaro cewa shaƙarsa na iya haddasa asma, a rubuce yake irin abin rufe fuskar da ya kamata a sa, wanda ba na takarda ba ne. Daga baya na ƙara sanin cewa kafin hancinka ya ji warin TDI, ya riga ya wuce ƙimar da aka yarda mutum ya shaƙa. A 1990 ina iya cewa ni yaro ne, ilimin kuma yana wata duniya. Wannan karon da digirina, kuma takardar tana ƙarƙashin gwiwar hannuna wata 20.

Kunyar wannan ta fi ciwon yi mini nauyi. Na dawo Jos a tsakiyar 2008 ba aiki, da abin shaƙa a aljihu. Na nemi aiki a ɗakunan gwaji biyu, ko'ina da na shiga warin sinadarai ya tayar mini da tari, su da kansu suka ce in yi haƙuri. Maganar aurena da aka fara ta mutu a tsaye, kuma ban ga laifin iyayen yarinyar ba. Na koma ɗakin zaure na gidanmu, ina jin ƙannena na fita aiki da safe. Abokan karatuna wasu na kamfanin mai, wasu sun zama malaman jami'a. In an tambaye ni sai in ce ina ɗan jiran wani abu ne. Babu abin da nake jira.

Ƙarshen Nuwambar shekarar rikici ya sake ɓarkewa a Jos bayan zaɓen ƙananan hukumomi. Muna kulle a gida saboda dokar hana fita, rediyo kawai muke saurare. Cikin labaran gawarwaki da ƙone-ƙone sai na ji wani labari daban: yara na mutuwa a Legas da Ibadan da Zariya bayan an ba su wani maganin ruwa na fitar haƙori. Ƙoda ce ke tsayawa. Tun kafin mai labarai ya ambaci sunan sinadarin na riga shi a zuciyata. Daga baya aka ce yara 84 ne. Inna tana bakin murhu, na ga ta tsaya da muciya a hannu har labarin ya ƙare, sannan ta ci gaba da tuƙi. Ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba.

A 2009 na tattara na tafi Abuja wajen wani ɗan baffana a Nyanya. Ya sama mini zama a wani shagon buga takardu, ina buga wa ɗalibai kundin kammala karatu. Shafi nake bugawa a biya ni, amma hannuna ba ya iya wuce kuskure. In na ga an rubuta sunan sinadari ba daidai ba sai in gyara, in gaya wa mai shi. Wasu su gode, wasu su ce ba abin da aka sa ni ke nan ba.

Wata rana wata dattijuwa ta kawo jerin kayan sito na wata cibiyar bincike, shafi kusan 40, a buga mata. Da ta dawo karɓa na nuna mata wurare da dama inda abu guda ya fito sau biyu da suna daban-daban, an ƙirga shi kamar kaya biyu. Ta sauke tabarau ta dube ni.

"Ɗana, me ka karanta?"

"Kemistiri, Hajiya."

"To me kake yi a nan?"

Na ba ta labarin ƙirjina a taƙaice. Ta ce ita ma kemistiri ta fara karantawa kafin ta koma aikin laburare, kuma shekara da shekaru tana neman wanda ya san sinadarai kuma zai iya zama wuri guda. Ta ce: "Masu farar riga ba sa son zama, masu zama kuma ba su san abin da ke cikin kwalba ba. Ka zo ranar Litinin."

Na je, amma da ƙyashi a raina. A ganina an sauke ni ne daga masani zuwa magatakarda. Wata shida ina zuwa ba albashi sai kuɗin mota da take ba ni daga jakarta. Kuma ba ta da sauƙi. Darasinta na farko shi ne kada in yarda da suna. Abu guda na iya samun suna goma: na masana, na kasuwa, na kamfani, na wata ƙasa. Abin da muke kira farasitamol, a Amurka asitaminofen suke ce masa. Fiya-fiyan da ake fesa wa sauro, a wata kwalbar za ka ga daikulobos, a wata DDVP. Saboda haka ne cibiyar CAS mai fitar da Chemical Abstracts ɗin nan, wadda ke birnin Kolombos a jihar Ohayo ta fara ba kowane sinadari lambarsa tun 1965, lambar da ba ta canzawa ko da wane yare ake magana. Ruwan sha 7732-18-5 ne. Farasitamol 103-90-2.

Ta koya mini cewa alƙalamin ƙarshe mai gadi ne. Ta ce in ba ta kowace lamba in gani. Bakina ya riga tunanina, na ce furofilin gilaikol. Ta rubuta 57-55-6, ta rufe 6 ɗin da yatsa, ta ce in faro daga dama: 5 sau 1, 5 sau 2, 7 sau 3, 5 sau 4. Na tara, 56. Ta ɗaga yatsa, ga 6 ɗin nan, daidai da alƙalamin ƙarshe na 56. In mai bugawa ya yi kuskuren alƙalami guda, yawanci lissafin ba zai fita ba. Da na koma gida na gwada ta DEG, 111-46-6, ita ma ta fita daidai, kuma ita ma da 6 ta ƙare. Na daɗe ina kallon lambobin biyu. Mai gadin nan kuskuren hannu yake kamawa, ba ya kama maƙaryaci.

Sannu a hankali na gane cewa wannan fanni ne mai zaman kansa, da tarihinsa. Tun 1881 wani masani mai suna Beilstein ya fara tattara bayanan sinadarai cikin kundi. Ni na shigo ne daidai lokacin da takarda ke ba wa kwamfuta wuri, domin daga 2010 aka daina buga Chemical Abstracts a littafi. Manyan rumbunan bayanai da dala ake biyan su, kuma ba kowace shekara ake samun kuɗin ba, don haka muka dogara sosai da PubChem, wanda gwamnatin Amurka ta buɗe kyauta a 2004. Na koyi rubuta siffar sinadari a layi guda yadda kwamfuta za ta gane, tsarin da ake kira SMILES. A nan furofilin gilaikol CC(O)CO ne, DEG kuma OCCOCCO. A ido da harshe ba ka raba su, a wannan rubutun ko yaro ya ga ba ɗaya ba ne. Da wannan layin kake tambayar rumbu: wa ya taɓa ganin abu mai wannan siffa, a wace shekara, me ya same shi?

Akwai ranar da wani matashin mai bincike ya shigo yana rawar jiki, wai ya tace sabon sinadari daga 'ya'yan darbejiya, har ya raɗa masa suna. Cikin rabin awa na nuna masa cewa tun 1968 aka fitar da shi a Ingila. Ya fita kamar zai yi kuka. Bayan sati ya dawo ya ce gara da ya ji daga bakina da ya ji a gaban taro. Akwai kuma siton da na tarar an jera kwalabe bisa haruffan sunayensu, abin sha'awa a ido, amma masu hura wuta na jingine da masu kamawa da wuta. Daga bakin ƙofa na tsaya da takardata ina faɗa, wasu na ɗagawa, don ba ni da ƙirjin shiga.

Ba kullum nake fita da farin jini ba. Wani ɗan kasuwa mai ƙaramin wurin haɗa magunguna ya taɓa kawo mini takardun wasu duro da ya sayo, in duba masa kafin ya fara aiki. Sunan da ke jikin duron furofilin gilaikol ne, amma lambar da ke takardar shaidar inganci ba tasa ba ce, kuma lambar rukunin kayan ba ta dace da ta jikin duron ba. Jikina ya ɗauki rawa. Na ce masa kada ya taɓa ko cokali guda sai an kai samfuri an gwada a na'ura. Ya ce: "Malam, kai ba takarda aka ce ka duba ba?" Na ce takardar ce ta ce a gwada. Ya yi asarar sati biyu da kuɗin gwaji. Sakamako ya fito, kayan lafiyarsu ƙalau, wani akawu ne can ya haɗa takardun da ba nasu ba. Mutumin bai sake takowa wajena ba, kuma na ji yana gaya wa mutane cewa ina da tsanani da neman suna. Na kwana biyu abin na damuna. Amma ko gobe aka kawo mini irin takardar nan, abin da zan faɗa ke nan.

Hajiya ta yi ritaya, ta bar mini kujerarta da wani tsohon littafinta mai cike da rubutun hannu. Na yi digiri na biyu a fannin sarrafa bayanai, na yi aure, Allah ya ba mu yara uku. Asmar tana nan, musamman in hazo ya sauko ko an yi sabon fenti a ofis. Abin da ya fi cin lokacina yanzu ba a cikin aikin da ake biyana yake ba. Tun da Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015 saboda yawan fiya-fiya a jikinsa, na fara mayar da takardun bayanin haɗari zuwa Hausa, shafi guda kacal, don 'yan kasuwar hatsi da masu feshi a gona. Aiki ne mai wuya. Ka zauna awa guda kana neman yadda za ka ce abu na ratsa fata ya shiga jini ta yadda mai feshin da ke aiki ba riga zai ji a jikinsa. In na gama nakan karanta wa mai gadinmu, in ya ɗaure fuska na san ban yi ba tukuna.

A gidana matata ta san dokar: ba a ba yaro maganin ruwa sai na juya kwalbar na duba lambar NAFDAC da lambar rukuni da ranar lalacewa. Na san wannan dubawar ba ta gano guba, na fi kowa sani. Ina dai yi.

A Oktoban 2022 na je Jos duba Inna, lokacin Baba ya shekara uku da rasuwa. Muna zaune bayan magariba, rediyonta na gefe, sai aka kawo labarin Gambiya: yara kusan 70 sun mutu bayan shan maganin tari na ruwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi. DEG ne dai, da ɗan'uwansa. Ta miƙa hannu ta rage muryar rediyon.

Ban shirya ba, na ji bakina na magana. Na ce: "Inna, ranar nan da kika aike ni, ba kemis ɗin bakin layi na je ba. Na ƙetare titi ne saboda minti."

Ta yi shiru har na ɗauka ba ta ji ba. Ba ta dube ni ba, ƙasa take kallo. Can ta ce: "Kai, ashe kai ma da naka." Ta ce a daren farko da yarinyar ta ƙi barci, ta ƙara mata cokali guda a kan abin da aka ce, sannan ta ƙara wani da asuba. Shekara 32 tana ganin cokulan nan biyu ne. Ko Baba ba ta taɓa gaya wa ba.

Na yi mata bayani da Hausar da na iya, irin wadda nake gwadawa a kan mai gadinmu. Na ce ba yawan maganin ba ne, ruwan da aka narka shi a ciki ne ba na sha ba, kuma tun daga wajen haɗawa aka sa shi. Na ce yara 47 ne a asibiti guda, daga unguwanni daban-daban, kowanne da inda aka sayo masa. Ina faɗa mata ina jin maganar na shiga kunnena ni ma, kamar wani ne ke gaya mini.

Ta ce: "Yaya sunan abin?"

Na faɗa. Ta gwada sau biyu, harshenta ya ƙi. Ta ce in rubuta mata da ajami. Na yagi takarda daga littafin aljihuna na rubuta, na sa wasulla yadda za ta iya karantawa, kuma saboda sabo na ƙara 111-46-6 a ƙasa. Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji ƙarar buɗe adakarta. Ta fito da wani ɗan gwangwani, a ciki akwai 'yan kunne ƙanana guda biyu da ban sake gani ba tun ina aji biyar. Ta ninke takardar ta sa tare da su, ta rufe.

Sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba: "Kai, tashi ka ci tuwon nan kafin ya huce."